A bar shafin tarihi ya kawo mana labarin Hitiyawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙar ɗan'uwan da ya yi ƙorafin cewa shafinku na tarihi yana ɓata takarda wajen kawo labarin gumakan mutanen da. Kishinsa na addini abin yabo ne, amma ban bi bayansa ba. Da Hitiyawa zan kafa hujja, domin su na fi karantawa tun da na ajiye alli.

Waɗannan mutane sun yi mulki a tsakiyar ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, daga wajen shekarar 1650 zuwa wajen 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kangon babban birninsu, Hattusa, yana nan kusa da garin Bogazkale, gabas da Ankara. A 1906 wani Bajamushe mai suna Hugo Winckler ya tono dubban allunan yumɓu a wurin, a 1915 kuma wani masani mai suna Bedrich Hrozny ya gano bakin zaren harshen da aka rubuta a kansu. Su da bakinsu suke cewa ƙasarsu tana da alloli dubu. In sun ci gari da yaƙi, har abin bautar garin suke ɗaukowa su ba shi masauki. Shirka ce tsagwaronta, babu mai musu. To amma dubi wanda suka ɗora a sama: Tarhunna, wai mai hadari. Ba su da kogi irin Nilu da zai shayar musu da gona, sai abin da sama ta zubo.

Wannan fargaba ce ta cika tatsuniyar Telipinu, ɗan Tarhunna. Wai ya fusata, cikin gaggawa ya sa takalmin dama a ƙafar hagu, na hagu a dama, ya fice ya ɓace. Hayaƙi ya turnuƙe gidaje, itace ya ƙi ci a murhu, tunkiya ta ƙi ɗanta, saniya ta ƙi maraƙinta. Hatsi ya daina tsiro, maɓuɓɓugai suka ƙafe, masu ciki suka kasa haihuwa. Allolin kansu suka ci ba su ƙoshi ba, suka sha ƙishirwa ba ta tafi ba. Aka aiki gaggafa ta duba duwatsu da kwaruruka, ta dawo hannu rabbana. Sai tsohuwa Hannahanna ta ce a aiki ƙudan zuma. Tarhunna ya raina shi, ya ce wannan mai ƙananan fukafukai me zai iya? Shi ne kuwa ya samo Telipinu yana barci, ya harbe shi a hannu da ƙafa. Ya farka fushinsa ya ninka, sai da Kamrusepa mai magani ta yi masa tsafi, aka zuba fushin cikin tukwanen tagulla masu murfin dalma a ƙarƙashin ƙasa, inda abin da ya shiga ba ya fitowa. Duk wanda ya taɓa ganin fari zai gane cewa wanda ya tsara wannan labari ya ga dabba tana ƙin ɗanta da idonsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne addu'o'in sarki Mursili na biyu. Annoba ta biyo fursunonin yaƙi daga yankin da Masar ke riƙe da shi, ta shekara 20 tana kisa, har ubansa Suppiluliuma da wansa ta ɗauke. Ya sa masu duba su binciko laifin, suka ce ubansa ya karya alkawarin da aka ƙulla da Masarawa, ya kuma zubar da jinin yarima Tudhaliya. Mursili ya amsa cewa laifin uba ya gangaro kan ɗa, sannan ya shiga ciniki da allolinsa: in kun ƙarar da mutane, wa zai toya muku gurasa? Abin dariya ne ta wani gefen, abin bauta mai jin yunwa. Ta wani gefen kuma ga sarki yana furtawa a rubuce cewa cin amanar gidan sarauta ne ya jawo wa talakawa bala'i. Sarakuna nawa suka taɓa yin haka?

Don suna tsoron rantsuwa ne yarjejeniyar sulhun da sarkinsu Hattusili na uku ya yi da Fir'auna Ramses na biyu, wajen 1259 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta kira alloli dubu na kowane ɓangare su zama shaida. Kwafinta yana rataye a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York.

Wani bincike da aka buga a 2023, wanda ya auna zobban cikin tsofaffin itatuwa, ya nuna an yi fari mai tsanani shekara uku a jere, 1198 zuwa 1196 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daidai lokacin da daular take rushewa. Ina roƙon ku ware mako guda ga wannan, ku kuma sa hoton dutsen Yazilikaya da ke kusa da Hattusa, inda suka sassaƙa allolinsu sama da 60 a jere, ɗalibai su gani.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, Zariya