Katin bashi na neman shiga tsakanina da maigidana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Hajiya. Ina gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ya aiki, ya mutan gida? Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili da kike share mana hawaye a cikinsa. Ta intanet nake bin shirinki daga birnin Manchesta na ƙasar Ingila. Don Allah a sakaya sunana, domin akwai 'yan uwana da na maigida da ba sa barin shirin ya wuce su.

Ni 'yar Zariya ce. Maigidana ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a nan, shi ya fara zuwa, daga baya muka biyo shi ni da yaranmu uku. Irin bizarmu an rubuta a jikinta cewa ba mu da rabo a tallafin gwamnati, saboda haka abin da hannunmu ya samo shi ne namu. Ina aikin rabin yini a ɗakin girkin wata makaranta. Mun kuma faɗo ƙasar ne a mummunan lokaci. A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin 100, a watan Maris na 2023 kuwa tsadar kayan abinci kaɗai ta haura kashi 19, abin da aka shafe sama da shekara 40 ba a gani ba. A gida kuma aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira ta yi ƙasa, har a 2024 fam ɗaya ya haura Naira 2,000. Mutanen gida da canji suke yi mana lissafi. In suka ji albashi sai su buga da Naira su ce ai mun gama da talauci, ba sa ganin hayar gida da harajin ƙaramar hukuma da kuɗin gas da muke ƙonawa don kada sanyi ya kashe yara.

Wannan ne ya sa na duƙufa wajen koyon tattalin cefane irin na ƙasar nan. A kasuwar Sabon Gari in kin je sayen tumatur za ki yi tayi, a sallama, ki nemi gyara a ƙara miki, mai kayan ya san ki kin san shi. A nan ba a tayi, gyaran kuma yana cikin kati da manhajar waya. Manyan kantuna irin su Tesco da Sainsbury's suna da katin abokin ciniki, na farkon Clubcard tun 1995, na biyun Nectar tun 2002. Yanzu sai ki ga kaya ɗaya da farashi biyu a jikin kanta, na mai kati da na marar kati. Ban da haka duk fam ɗin da kika kashe ana ba ki maki ɗaya. Makin Clubcard kwabo ɗaya yake, cikin kwabo 100 da ke fam guda, na Nectar kuma rabin kwabo, sai kin tara 500 ake ba ki fam 2 da rabi. Lidl na da tasu manhajar mai takardun ragi da ke sauyawa kowane mako. Aldi kuwa ba ruwansu da kati, farashin da kika gani shi ke nan, kuma sau da yawa kwandona ya fi sauƙi a can. A ƙarshen 2024 hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a ƙasar ta binciki kaya kusan 50,000 masu farashin kati, ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 ragin gaskiya ne, amma ta ja kunne cewa hakan ba ya nufin ba za a samu ƙasa da shi a wani kantin ba. Abin da idona ya gani ke nan tun kafin su faɗa.

Gaskiyar magana, Hajiya, ba makin ne ke riƙe gidana ba. Abin da ke riƙe shi shi ne buhun shinkafa da jarkar mai da nake sayowa a shagunan 'yan Pakistan da ke Cheetham Hill, da rago da muke haɗa kuɗi mu mata mu raba a wajen mahauci Musulmi, da zuwa kanti da yamma lokacin da suke manna 'yar takarda ruwan ɗorawa a jikin burodi da kayan miya da suka kusa ƙarewar wa'adi, in kwaso in zuba a firiza. Takardun ragin nan ina amfani da su, amma da taka-tsantsan, don na lura ba banza suke zuwa ba. Suna ajiye bayanin duk abin da kika saya, sai su turo miki ragi a kan abin da suka san ranki na so. Ko su ce ki kashe fam 40 a rage miki 5, alhali cefanen da ya kawo ki na fam 28 ne. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Shi ya sa ba na fita sai da jerin abin da zan saya a rubuce, abin da ba ya cikin jerin ko rabin kuɗi aka yi shi ba na taɓawa. Akwai kuma shafukan intanet irin su TopCashback da Quidco, da in kika bi ta cikinsu kika sayi firji ko kika sauya kamfanin intanet na gida, sukan mayar miki da wani abu bayan 'yan makonni ko watanni. Duk waɗannan zuciyata ba ta ƙi su ba, domin kuɗina nake biya lakadan, mai kaya ya ga dama ya yi mini rangwame.

Inda gizo ke saƙar shi ne katin bashi, wato katin da banki ke ba ka ka yi sayayya da kuɗinsa ka biya daga baya. Wani abokin aikin maigida ne ya kwaɗaita masa, ya je ya buɗe ba tare da mun zauna a kai ba. Da na yi magana ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma ba zan zalunce shi ba, hujjojinsa ba na wasa ba ne. Ya ce duk abin da muka saya da katin za a mayar mana da rabin kashi ɗaya cikin 100, abin da suke kira kashbak. Ya ce in dai an biya bashin gaba ɗaya kafin ranar da aka yanka, wadda kan kai kwana 56 daga sayen kaya, ko kwabo ba za a ɗora ba. Ya ce akwai sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 da ya tanadi cewa in ka sayi abin da ya haura fam 100 zuwa fam 30,000 da katin bashi, mai kayan ya cuce ka ko kamfaninsa ya durƙushe, to bankin da ya ba da katin ma sai ya biya ka, kuma wannan na da amfani ga masu sayen tikitin jirgi zuwa gida irinmu. Babbar hujjarsa kuma ita ce a ƙasar nan akwai kamfanoni irin su Experian da Equifax da ke ajiye tarihin bashin kowa, baƙon da ba shi da tarihi yakan sha wuya wajen kama haya ko neman gida, har bankunan Musulunci na nan sai sun duba wannan tarihin. Ya rufe da cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Na yi shiru, amma na ɗauki biro. Ko da za mu zuba fam 1,000 a katin kowane wata, abin da za a mayar mana fam 5 ne, fam 60 a shekara. Kuɗin ruwan katin kuwa ya kusa kashi 25 cikin 100 a shekara. Na ce masa, Abban yara, wannan fam 60 ɗin ba su kai a kwana da fargaba a kansu ba. Ya ce ai ba za mu taɓa bari ranar biya ta wuce ba.

Ya cika alƙawarinsa na tsawon lokaci, sai Allah ya kawo rashin lafiyar mahaifinsa. Aka ce sai an yi aiki, shi ne kuma babban namiji a ɗakinsu. Ya tura kusan duk albashin watan gida, kuma wallahi da ya tambaye ni da ni zan fara cewa ya tura. Abin da bai gaya mini ba shi ne a watan bai biya katin duka ba, ɗan mafi ƙarancin da suke yarda a biya ya bayar, kusan fam 1,200 suka kwana a kansa. Kuɗin ruwan wannan a wata guda ya kai fam 25. Wata na gaba ma haka. Cikin wata biyu kacal abin da ya ci burin tarawa a shekara ya kusa tafiya. A takardar da suka aiko gida na gani, ba daga bakinsa ba. Wannan ɓoyon ya fi kuɗin yi mini ciwo, don tun aurenmu ko Naira goma ba ta taɓa shiga tsakaninmu a ɓoye ba. Yanzu kuma maganar da yake yi ita ce zai buɗe kati na biyu, irin wanda ake mayar da tsohon bashi kansa babu kuɗin ruwa na wasu watanni, a biya ladan kusan kashi 3 cikin 100. Ya ce dabara ce. Ni kuwa abin da na hango kati biyu ne a aljihun mutumin da wayarsa ba ta daina ƙara daga gida.

Sai ɓangaren addini, wanda shi ne ke hana ni barci. Mun san abin da Allah ya ce a Suratul Baƙara, ya halatta ciniki ya haramta riba, har ya yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari. Na bincika na ga Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mai katin ya ƙuduri niyyar biya kafin wa'adi. Maigida kuma ya ce ya tambayi wani malami a masallacinsu, ya ce masa akwai malaman da suka yi sassauci ga mazauna irin waɗannan ƙasashe saboda buƙata, da sharaɗin mutum ya tabbata zai biya a kan lokaci. To ai mu sharaɗin ya riga ya karye. Sannan shi kansa kashbak ɗin daga ina yake fitowa? Doka a nan ta ƙayyade cewa ladan da bankin da ya ba da katin ke samu daga ɓangaren mai kanti ba zai wuce kashi 0.3 cikin 100 na ciniki ba. In suna karɓar 0.3 suna ba mu 0.5, a tunanina cikon daga gumin waɗanda suka kasa biya yake fitowa, masu ƙaramin ƙarfi irinmu. Da wannan kuɗin na taɓa sayo wa yarana madara da ƙwai. In na tuna sai gabana ya faɗi.

Hajiya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na kawo kukana gare ki. Ina cikin wani adashe da muke yi mu matan Arewa da ke nan, kwasata ta kusa, kuma za ta isa ta goge bashin nan kaf. Amma kuɗin na riga na yi wa mahaifiyata alƙawarinsu, rufin ɗakinta ke yoyo, tana jira kafin damina ta faɗi. In na ba shi, na saɓa wa uwata, kuma ina tsoron in bashin ya tafi cikin sauƙi katin zai sake cika. In na hana, kowane wata muna ciyar da riba da saninmu, ni ma kuma a gidan nake ci nake sha. Wanne ne ya fi cancanta in gabatar? In kuwa zan bayar, ya dace in kafa masa sharaɗin ya rufe katin a gabana, ko hakan ya zama raini ga miji?

Ina kuma son ki koya mini yadda zan ɗauko maganar. Mutum ne mai zuciya, mai kunya, yana yin aikin dare ya dawo ƙafafunsa a kumbure, kuma abin da ya jefa shi cikin wannan hali jinyar mahaifinsa ce, ba shashanci ba. Duk lokacin da na buɗe baki sai ya ga kamar ina cewa ya gaza riƙe gidansa, sai ya tashi ya bar ɗakin. Wata ƙawata ta ce in kira yayarsa da ke Kaduna, don yana jin maganarta. Ni kuma ina gudun in tona masa asiri a dangi, su ji cewa kuɗin aikin Baba da bashi aka cike gurbinsu, tsohon ya ji ya shiga damuwa yana kan murmurewa. Shin in bari tsakaninmu, ko akwai lokacin da shigo da babba ya zama dole?

In da hali, don Allah ki miƙa wa malamin da kike gayyatowa shirin waɗannan tambayoyin. Mene ne hukuncin kashbak ɗin da ya taru a katin wanda ba mu taɓa ba tukuna, mu ci, ko mu fitar da shi ga mabuƙata, ko a rage bashin da shi? Wanda muka riga muka ci fa? Makin kantuna da takardun ragi da nake amfani da su da kuɗina, akwai wata shubuha a cikinsu da ban gani ba? Sannan maganar tarihin bashi da maigida ke kafa hujja da ita, ta kai matsayin larurar da shari'a ke yi wa uzuri, ko kuwa mu haƙura da katin cire kuɗi na asusunmu, mu nemi wata hanyar da za a san mu da riƙon amana, kamar biyan haya da kuɗin waya a kan kari?

Ranar biyan katin ta wannan watan na ƙaratowa, kuma ya ce kafin nan zai cike takardar neman kati na biyu. Ina roƙon a karanta wasiƙata da wuri in Allah ya sa da rabo. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar zumunci, ya ba ki ladan wannan aiki.

Wassalam.
Ƙanwarki, 'yar Zariya a Manchesta.