Rahoton kwamitin gini: an kammala ɗakin karnuka a asibitin dabbobi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bayani ne daga kwamitin da kuka naɗa kan aikin ɗakin karnuka na asibitin dabbobin garinmu, alhamdulillahi aiki ya kammala har mun miƙa wa likita makulli, shi ne muka ga ya kamata ku ji abin da aka yi da kuɗinku da dalilin da ya sa aka yi ginin haka.

Duk wanda ya san wurin a da ya san rumfa ɗaya ce ake haɗa kowa, mai rago da mai akuya da mai kaji, sai ga wani ya janyo kare da igiya yana turjewa, yara su taru suna ihu, ƙarshe sai ƙarti sun danne shi kafin a iya yi masa allura. Ma'aikata sun sha cizo a haka, mafarauta da 'yan sintiri da yawa kuma suka daina kawo karnukansu rigakafi gaba ɗaya, wannan shi ne ya fi tayar mana da hankali.

Tun zaman farko likita ya ce mana mu daina kallon abin a matsayin mugunta, yawancin karen da ke cizo a asibiti tsoro ne ya cika shi. Ya ce ku lura, kafin ya kai cizo zai cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana lasar baki yana hamma, yana kau da kai har ka ga farin idonsa, sai in an ƙi ba shi sarari ya fara gurnani. To a kan wannan maganar muka tsara ginin, duk abin da zai rage wa kare firgita mun sa shi gaba.

Ƙofar shiga ta bayan asibiti muka fitar, muka ja katangar bulo tsakaninta da rumfar tumaki, yanzu kare ba ya ganin kowa sai mai shi da ma'aikaci. Ƙyaure biyu ne a jere da ɗan soro a tsakani, ba a buɗe na ciki sai an sa wa na waje sakata, ko ya kufce daga igiya ba inda za shi. Tagogi a sama suke da rodi da raga, an yi silin saboda zafin kwano, domin kare ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafin jikinsa, in ka sa masa takunkumi a ɗaki mai zafi ka daɗe za ka iya galabaitar da shi.

Inda aka yi doguwar muhawara shi ne daɓe. Wasunmu tayil suke so don ya fi kyau kuma ya fi sauƙin wanki, gaskiya ma akwai wanda ya ce shi zai biya, amma likita ya kafe ya ce santsi na ƙara haukata kare, da zarar ya ji ƙafarsa na zamewa shikenan sai kokawa. Sai birkila ya yi mana daɓen siminti mai ɗan kaushi, ya karkata shi zuwa magudana ruwa na faɗawa sokawe. Ranar gwaji mun tsaya mun gani da idonmu, wani karen farauta ya shigo yana rawar jiki, aka bar shi ya gama sunsuna kusurwa kusurwa ba wanda ya tsura masa ido, mai shi ya tsuguna ya sa masa takunkumi da hannunsa yana shafa wuyansa, likita ya zo ta gefe ya yi allura aka gama ko haushi bai yi ba.

Wanda ya gagara kuma, mai walda ya ƙera mana keji mai bangon da ake turawa a hankali har kare ya tsaya cak a jikin ƙarfe, a yi masa allurar kwantar da jiki ta tsakanin sanduna ba tare da kowa ya kai hannu kusa da bakinsa ba. Akwai sanda mai zarge amma mun yarda sai ta zama dole za a ɗauko ta.

Akwai masu cewa don me za a kashe kuɗi a kan kare, ba mu ga laifinsu ba, amma wallahi don 'ya'yanmu muka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 kuma daga kare ake ɗauka, in alamun ciwon suka bayyana da wuya mutum ya tashi. Maganin yaɗuwarsa shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi, allurar ma ana yin ta a nan gida Najeriya a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, to yaya za mu kai wannan adadi in mutane na tsoron kawo karnuka? Shi ya sa muka ƙara keji na daban a ƙarshen ginin inda za a killace karen da ya ciji mutum a sa masa ido kwana 10, sannan muka kafa famfo da sabulu a bakin ƙofa, wanda aka ciza ya wanke wurin cizon na minti 15 kafin a wuce da shi asibitin mutane.

Lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe duk yana manne a allon ofis da rasit, kowa na iya zuwa ya duba. Muna godiya ga matasan da suka yi aikin gayya wajen haƙa da ɗiban yashi da mafarautan da suka kawo tsakuwa, Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage firij mai sola ne na ajiye allura, muna fatan samun sa kafin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Dan Allah mai kawo kare ya zo da safe kafin rana ta yi zafi, babba ya riƙo shi ba yaro ba, in kuma ka san naka mai cizo ne ka faɗa wa ma'aikaci tun daga bakin ƙofa.