Ba kowane yaron da aka zalunta ne ke girma da wuƙa a hannu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu tofa albarkacin bakinmu a kan wani nau'in fim ɗin ban tsoro da masu sharhi suka saba yi wa kirari da "mai ma'ana". Shi ne wanda ake azabtar da yaro a farkonsa, a tsallake shekaru, sai ga yaron ya girma ya dawo yana bin waɗanda suka cuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ba mu zo neman a hana kowa kallo ba, wasu daga cikin finafinan ma aikin gwanaye ne. Abin da ya dame mu shi ne darasin da suke cusawa ba tare da sun furta shi ba: wai yaron da aka ci zarafinsa makashi ne mai jiran ranarsa, kuma wai jini ne ke wanke masa zuciya. Duka biyun ba haka suke ba.

Sai an san yadda ake gina fim ɗin kafin a gane inda yake yaudara. A fim na minti 90 zuwa 100, minti goma ko sha biyar na farko na raunin ne. Darakta kan sauke kyamara zuwa tsayin yaro, kamar mita ɗaya daga ƙasa, ta yadda kowane babba zai zama dogo mai rinjaye. Sau da yawa ba a nuna fuskar azzalumin. Abin da za ka gani shi ne siririn haske a ƙarƙashin ƙofa, sai inuwar ƙafa biyu ta zo ta yanke shi, sai ƙarar makulli. A nan ake dasa wani ɗan abu da za a tono daga baya: wata waƙa, 'yar tsana mai ido ɗaya, ko ƙarar makullin kanta. Sai allo ya yi baƙi a rubuta "bayan shekara goma sha biyar".

Tsakiyar fim aikinta tono abin da aka dasa. Jarumar, don sau da yawa mace ce, za ta ji makulli a wata ƙofa dabam, sai mai haɗa hoto ya cusa guntun fitowar yarinta. Fim na tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka hoto shida kwatan daƙiƙa ne kacal: ido ya gani, hankali bai gama karantawa ba, an wuce. Mai sauti kuma kan janye kiɗa gaba ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya saki ƙara. Zaburar da mai kallo ke yi a nan ba tsoro ba ce, jiki ne ke amsa ƙara kamar yadda ido ke ƙiftawa in an hura masa iska. Shi ya sa daraktan da ya cika amfani da ita yake gundurar da mutane tun kafin rabin fim.

Kisan ma a jere yake. Ana farawa da mai ƙaramin laifi, maƙwabcin da ya ji kuka ya rufe taga, ko malamin da ya ga tabo ya kawar da kai, a bar uban tafiyar sai minti ashirin na ƙarshe. Dalili kuwa, minti sha biyar ɗin farko bashi ne aka ɗora wa mai kallo. Ya ga an cuci yaro bai iya komai ba, don haka duk jinin da ya biyo baya yana karɓarsa a matsayin biyan bashi. Abin da zai kawar da kai daga gare shi a wani fim, a nan tafi yake yi masa. Wannan ita ce dabarar, kuma tana ci.

Inda take ɓaci a hannun marar gwaninta shi ne fitowar cin zarafin kanta. In aka ja ta da tsawo, ko aka ajiye kyamara a inda idon azzalumin yake tana ƙare wa jikin yaron kallo, to an sauya wa mai kallo wurin zama, an ɗauke shi daga gefen yaron an kai shi gefen mai cutarwa. Alamar gane wannan mai sauƙi ce: a duba fuskar wa ake gani, kuma daga tsayin wa. Kuskure na biyu shi ne mayar da azzalumin dodo, baƙo mai muni da ke fitowa daga duhu, alhali yawancin yaran da ake cutarwa wanda suka sani ne ke cutar da su, ɗan gida ko amintaccen gida. Fim ɗin da ya koya wa iyaye tsoron baƙo kaɗai ya sa su tsaron ƙofar da ba ta nan ɓarawon ke shigowa ba.

Akwai waɗanda suka yi gaskiya, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. A fim ɗin Carrie na 1976, wanda Brian De Palma ya ɗauko daga littafin Stephen King na 1974, yarinyar da uwarta ke kullewa a ɗan ƙuntataccen ɗaki, 'yan makaranta kuma suna yi mata ba'a, idan ta tashi ramuwa kan mai uwa da wabi take yi. Malamar da ta tsaya mata tun farko tana cikin waɗanda suka mutu, ita ma yarinyar ba ta tsira ba. Babu wanda ke tashi daga kallon nan yana jin an biya bashi daidai.

To, mu koma ga ainihin yaran. Wata masaniya a Amurka, Cathy Widom, ta bi diddigin yara 908 da kotu ta tabbatar an ci zarafinsu ko an yi watsi da su tsakanin 1967 da 1971, ta gwama su da wasu 667 masu shekaru da jinsi da yanayin gida iri ɗaya waɗanda ba su da wannan tarihi. Ta fara wallafa sakamakon a 1989. Da aka sake dubawa bayan sun manyanta, kashi 18 cikin ɗari na rukunin farko an taɓa kama su da laifin tashin hankali, na biyun kuma kashi 14. Bambancin gaskiya ne, ba ma musunsa, kuma lissafin na waɗanda aka kama ne kawai. Amma a juya adadin a gani: cikin kowane yaro ɗari da aka zalunta, sama da tamanin ba a taɓa kama su da irin wannan laifi ba. Wani abin lura a binciken, yaran da aka yi watsi da su, ba duka ba zagi, sai dai babu mai kula da cinsu da lafiyarsu, sun kusa kamo waɗanda aka lakaɗa wa duka a wannan lissafi. Sai dai watsi ba ya kyau a kyamara, shi ya sa ba a cika yin fim a kansa ba.

Ina raunin yake tafiya ke nan? Galibi ciki yake komawa. Tsakanin 1995 da 1997 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya sama da 17,000 a Kaliforniya game da wahalhalun yarintarsu. Rahoton farko da ya fito a 1998 ya nuna cewa waɗanda suka haɗu da nau'i huɗu ko fiye na waɗannan wahalhalu, haɗarin faɗawarsu shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka sau huɗu zuwa goma sha biyu. Wato mutumin da wanda aka zalunta ya fi cutarwa shi ne kansa. Rashin barci, mugun mafarki, zabura in an taɓa shi ta baya, ƙin bin wata hanya ba tare da ya iya faɗin dalili ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, ba farautar macizai yake fita ba. Finafinan sun kama batun makulli da waƙa daidai, ƙaramin abu na iya mayar da mutum ranar da abin ya faru har zuciyarsa ta riƙa dukan uku-uku. Abin da suka ƙara daga aljihunsu shi ne wuƙar.

Batun cewa fansa na sanyaya zuciya ma an gwada shi. A 2008 Kevin Carlsmith da abokan aikinsa sun shirya wasan kuɗi inda wani ke cutar sauran, suka ba wasu damar hukunta shi, wasu kuma ba a ba su ba. Kowa ya zaci mai ramawa ne zai fi jin daɗi. Sai aka samu akasin haka, domin wanda ya rama ya ci gaba da juya macucin a ransa, wanda bai samu dama ba kuwa ya sake shi ya wuce. Kafin nan, a 2002, Brad Bushman ya sa ɗaliban da aka fusata su naushi buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, aka tarar sun fi waɗanda suka zauna shiru na minti biyu fushi. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ashe har mai ramawar zafin ke ci. Fim dai yana ƙarewa ne a daren da aka zubar da jinin, ba ya nuna wayewar gari.

Wani ɓangare da mai sharhi ya kamata ya riƙa bincika shi ne yadda aka yi da ɗan wasan da ya fito a matsayin yaron. Akwai hanyoyi sanannu na kare shi: a ɗauki fuskarsa shi kaɗai yana amsa wani umarni marar tsoro, a ɗauki babban yana tsawa a wani lokaci dabam, mai haɗa hoto ya gwama su. Stanley Kubrick ya yi aiki da ƙaramin yaro a The Shining na 1980 ba tare da yaron ya san fim ɗin tsoro ake yi ba, har ’yar tsana mai girman yaro aka sa a madadinsa a wata fitowa mai zafi. A The Babadook na 2014, babban mutum aka durƙusar a gwiwa jarumar ta riƙa zazzaga masa masifa a maimakon yaron. In hawayen yaro a fim na gaske ne don an firgita shi da gangan, to fim ɗin ya aikata abin da yake ikirarin yana la'anta.

Ga abin da muke roƙo daga gare ku da takwarorinku na talabijin. Gargaɗin "akwai abubuwan tayar da hankali" bai isa ba, domin bai bambanta aljani da uba mai dukan ɗansa ba, kuma na biyun ne ke kwantar da wanda ya taɓa ɗanɗanawa. A faɗi abin da ke ciki da sunansa a layin farko na sharhi: cin zarafin yaro, fyaɗe, kashe kai. A rubuta shekarun da hukumar tace finafinai ta ƙayyade, a kuma fassara su, tunda alamar R ta Amurka nufinta ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, 15 da 18 na Birtaniya kuwa iyaka ce da babu rakiyar da ke ɗage ta a silima. A Birtaniya ba a sa irin waɗannan a talabijin kafin ƙarfe 9 na dare, kuma tallan fim ɗin ma a kula da lokacinsa, don talla ce ke tattara fitowa mafi muni cikin minti biyu. Sannan a daina rubuta "mahaukaci" ga kowane makashin fim. Masu fama da taɓin hankali sun fi zama waɗanda ake cutarwa a kan su zama masu cutarwa.

Game da yara masu kallo, binciken Joanne Cantor ya nuna ƙanana, 'yan ƙasa da shekara bakwai ko takwas, siffa ce ke tsorata su, mummunar fuska ko halitta mai rikiɗa, kuma ce musu "ai ba gaske ba ne" ba ya aiki sosai, gara a kashe a rungume su. Waɗanda suka ɗara haka kuwa abin da zai iya faruwa da gaske ne ke hana su barci, kuma a nan wannan nau'in fim ya fi na aljanu illa, don ba za ka iya ce wa ɗan shekara goma babu babban da ke cutar da yaro ba. A wani bincike da ita da Kristen Harrison suka fitar a 1999, kimanin ɗalibin jami'a ɗaya cikin huɗu ya ce har lokacin yana ɗauke da sauran tsoron wani abu da ya kalla tun da daɗewa.

Yakan faru kuma fim ɗin ya buɗe bakin yaro, ya ce shi ma an yi masa irin haka. Wanda aka gaya wa ya zauna daidai tsayin yaron, ya saurara, ya ce ya yarda da shi kuma ba laifinsa ba ne. Kada ya jera masa tambayoyi masu sa amsa a baki, irin "wane ne ko?", domin suna gurɓata shaida in magana ta kai kotu. Kada ya yi alkawarin rufe sirri, tunda dole a nemi likita da hukumar da ke kula da yara. Ya rubuta kalmomin yaron yadda ya faɗe su, da rana da lokaci. Kuma komai tafasar zuciyarsa, kada ya rantse a gaban yaron cewa sai ya kashe wanda ya yi. Sau da yawa mutumin nan ɗan gida ne, kuma yaron da ya ga maganarsa za ta jawo jini ko ta tarwatsa gidansu yakan janye ta, ya ce wasa yake yi.

Mun gode da wannan fili.

Naku,
Wasu masu bibiyar shafinku na finafinai