Kafin a sayi kwamfuta, a tambayi wa'adin babbar manhajarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan sayen kwamfuta. Sana'ata koya wa manya aiki da kwamfuta, kuma tambayar da ɗalibaina suka fi yi mini ita ce: "Malam, mai Windows zan saya, ko Mac, ko wannan Linux ɗin da ake cewa kyauta ne?" Sun fi son in kama suna ɗaya in ce shi ke nan. Ni kuwa sai na ji aikin da mutum zai yi da ita, da shekarun da yake son ta yi a hannunsa. Maganar shekarun nan ce kusan kowa yake tsallakewa, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Kowace babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya kamar Windows ko Linux, tana da wa'adi. Kamfanin da ya yi ta yakan riƙa turo gyaran tsaro, yana toshe kafofin da masu kutse suka gano, har zuwa wata rana da ya riga ya sanar. Bayan wannan ranar kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, amma duk sabuwar kafar da aka gano a buɗe za ta zauna. Windows 10 ta fito a 2015, kuma ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba ta wannan kulawa, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda shi ma na ɗan lokaci ne. Wanda yake ganin abin wasa ne ya tuna da watan Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa ɗage ganin likita da aikin tiyata. Tun watan Maris na shekarar an fitar da gyaran da ke toshe wannan kafar. Waɗanda ba su sa shi ba su ne suka ji jiki.

To, sai mutum ya ce ai sai a hau Windows 11. A nan gizo ke saƙa, musamman ga mai sayen kwamfuta ta hannu. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba kowace na'ura take karɓa ba. Tana neman wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a furosesar Intel (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta), galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama.

Wata ɗalibata, uwar 'ya'ya da take son koyon lissafin kasuwancinta, ta kawo mini wata laftof da aka ba ta ta gwada kafin ta biya. Jikinta fes, allon ba ko ƙwarzane, ga tambarin i7, wani ajin furosesar Intel, yana sheƙi kusa da madannai. Mai sayarwar ya ce mata i7 ce, babu ta biyunta, har ya ɗora mata Windows 11. Na buɗe bayanan na'urar na nuna mata da yatsa: i7-6500U. Na ce, "Hajiya, dubi lambar farko bayan ɗan layin nan. Shida ce, wato zubi na shida, na wajen 2015." An ɗora mata Windows 11 ne ta bayan gida, kuma Microsoft da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo gyara ga irin waɗannan na'urori ba. Abin ya sosa mini rai, domin baiwar Allahn nan ta daɗe tana tara kuɗin. Ta mayar da ita, ta ɗauki i5 ta zubi na goma, wadda ta fi waccan sauri, sannan tana da sauran shekaru a gaba.

Ban ce Windows ba ta da kyau ba. Wanda aikinsa ya rataya a kan Word da Excel na ainihi, ko wata manhajar ofis da ita kaɗai take hawa, to ya sayi mai Windows, ya dai tabbatar na'urar ta cika sharuɗɗan 11.

Mac kuwa, a gaskiya ƙirarta tana da kyau, kuma tun da Apple ya koma amfani da furosesarsa ta M1 a 2020, batirinta yakan kai mutum dare yana aiki. Amma mai saye ya sani cewa ba a ƙara wa waɗannan na'urori RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, bayan an saya. Abin da ka zaɓa ranar farko, da shi za ka zauna. Haka nan tsofaffin Mac masu furosesar Intel, da ake ta ganinsu da araha yanzu, kwanansu ya kusa ƙarewa. Apple ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce babbar manhajar Mac ta ƙarshe da za ta hau kansu, ita ma ba dukansu ba. Araha ba ta ado. Chromebook, laftof mai aiki da manhajar Google, ba zan daɗe a kanta ba: ta dace da wanda kusan duk aikinsa a intanet yake, kuma Google yana ba waɗanda suka fito daga 2021 kulawar shekara goma, ana ƙirgawa daga fitowar samfurin, ba daga ranar da ka saya ba.

Zuciyata dai tana wajen Linux, ba zan ɓoye ba. Wani ɗalibin jami'a a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya faro ta a 1991, kuma a yau wayar Android da ke aljihun mai karatu a kanta aka gina ta. Tun 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk ita suke amfani da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take raya na'urar da aka yanke wa ƙauna. Irin waccan laftof ta zubi na shida, in a hannunka take tun da, kada ka yar. Ka ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu, duk nau'o'in Linux ne. Ubuntu tana fitar da zubi mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, da gyaran tsaro na shekara biyar kyauta. Ba sai ka goge komai ba kafin ka gwada: a zuba ta a filash, a kunna kwamfutar daga filash ɗin, ka duba ko intanet yana kamawa, ko sauti yana fita, ko firintarka tana amsawa. In ba ta yi maka ba, ka zare filash ɗin, komai na nan yadda ka bar shi.

Linux ma tana da nata matsalolin. Photoshop ba ya hawa kanta, Word na ainihi ma haka, sai ta burauza. LibreOffice, manhajar ofis da ke hawa kanta, yana buɗe takardun Word, amma wani lokaci tebur ko jerin shafi yakan goce, kuma wanda zai miƙa takarda ga ofis mai tsauri zai ji haushin hakan. Sannan sabon shiga yana buƙatar wani masani da zai riƙa yi wa tambaya a makonnin farko. Wanda ba shi da kowa kusa da ya san ta, ba na tura shi can.

Ko wacce aka zaɓa, ina ba ɗalibaina shawara kada RAM ya gaza gigabait 8, ma'adanar fayiloli kuma ta zama SSD, wato irin wadda ba ta da faifai mai juyawa, domin tsohon faifai mai juyawa shi ne ke sa kwamfuta nawa.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne duk lokacin da shafinku na kimiyya da fasaha zai yi bayanin wata kwamfuta, a rubuta zubin furosesarta da shekarar da za a daina kula da manhajarta, kamar yadda ake rubuta girman allo da ƙarfin batir. A kuma koya wa masu karatu inda za su latsa su ga wannan lambar da idonsu tun suna gaban mai sayarwa, kafin kuɗi ya bar hannunsu.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin koyar da kwamfuta