A Fito Da Binciken Teku Daga Mujallun Masana Zuwa Aji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan ilimin teku, da yadda abin da masana ke ganowa yake maƙalewa a mujallun bincike ba tare da ya isa ga ɗalibai da sauran jama'a ba.

A ranar 26 ga Disamba, 2004, girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra ta tayar da igiyar ruwan da ake kira sunami, wadda ta hallaka mutane fiye da 220,000 a ƙasashen da ke gaɓar Tekun Indiya. A wani bakin teku da ke Fuket a ƙasar Tailan, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10 ta ga ruwan yana kumfa yana ta matsowa ba kamar yadda aka saba ba, sai ta tuna darasin da malaminsu ya yi musu makonni biyu kafin nan. Ta dage wa iyayenta har aka sanar da ma'aikatan otal, aka janye mutane kusan 100 kafin ruwan ya iso. Masana sun daɗe da sanin waɗannan alamomi, amma sai da wani malami ya kai ilimin cikin aji sannan ya yi wa mutanen wannan gaɓa amfani.

Wani zai ce wannan matsalar mazauna bakin ruwa ce. Ban yarda ba. Teku ya mamaye kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma daga gare shi mafi yawan tururin da ke haɗa gajimare yake tashi. Idan ruwan gabashin Tekun Fasifik ya ɗumama fiye da ƙima, yanayin da ake kira El Nino, sai a ga fari a wata nahiya, ambaliya a wata, a wuraren da mutanensu ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Haka kuma teku ne ke haɗiye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ɗumamar yanayi ke tarawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, ilimin nan ba a kulle yake ba. Tun wajen shekarar 2000 ƙasashe suka haɗa hannu a shirin Argo, wanda a yanzu yake da na'urori kusan 4,000 suna yawo a tekunan duniya. Kowace tana nutsewa har zurfin mita 2,000, ta taso bayan kwana 10 tana auna zafin ruwa da yawan gishirinsa, sannan ta aika da sakamakon ta tauraron ɗan'adam. Ana sa waɗannan alƙaluma a intanet kyauta ga kowa. Malamin sakandare zai iya zaɓar na'ura guda, ɗalibansa su bi tafiyarta zango guda na karatu, su zana da hannunsu yadda ruwa ke ƙara sanyi gwargwadon zurfinsa. A ganina, yaron da ya yi wannan aiki ya fi wanda ya haddace sunayen tekuna biyar fahimtar abin da ake nufi da bincike. Sai dai malamai nawa ne suka taɓa jin sunan shirin?

Masana suna da nasu laifin, domin da yawansu suna rubutu ne don junansu, cikin harshe mai tsauri, kuma jami'o'i sun fi ƙara wa mutum girma a kan takardar da ya buga fiye da lokacin da ya ba 'yan makaranta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin kimiyyar teku, kuma wayar da kan jama'a na cikin manufofin shirin, amma yawancin bayanan suna cikin manyan harsunan duniya ne kawai.

Saboda haka nake roƙon wannan jarida ta buɗe shafi, ko da sau ɗaya ne a wata, inda za a gayyaci masani ya bayyana bincike guda da Hausa mai sauƙi, tare da taswira da tambayoyin da malami zai iya ɗauka zuwa aji. Za a sha wahala wajen samo kalmomin da suka dace, kuma ya kamata masanan su zauna da malaman harshe a kan hakan. Ina ba da shawarar a fara shafin a ranar 8 ga Yuni, wadda ita ce Ranar Teku ta Duniya.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani malamin makaranta mai bibiyar jaridarku