Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya karya mini tagogin iskar mota

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum.

Jiya da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma na kira layin ofishinku karo na bakwai. Waya ta yi ta ruri har ta katse. Na sake kira, aka ɗaga, ina jin ana hira ana ƙyalƙyala dariya, sai ƙit aka kashe. Shi ya sa na ajiye waya na ɗauki rubutu, kuma a bainar jama'a, tunda na lura kunyarku ba ta motsawa sai a gaban mutane. Ba zan kama sunanku ba a yau. Kun san kanku, rasit ɗinku kuma yana hannuna.

Ranar 14 ga Janairu na kawo muku motata, Corolla ƙirar 2010, 'yar Kwatano, wadda ta shekara shida a hannuna ba ta taɓa ba ni kunya ba. Matsalarta ɗaya: idan aka kunna esi sai ya busa wani wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma, sanyin ma ya ragu. Yaron da ke kan teburi ya rubuta aiki uku, wanke hanyar iska, canjin filta da ƙarin gas, ya ce naira 48,500. Ban nemi ragi ba, na tura nan take. Aka ce in dawo da yamma, na dawo ba a gama ba, aka ce gobe. Wannan ban riƙe ku da shi ba, aiki ya gaji haka.

Na karɓi motar washegari dab da magariba, ban duba komai ba saboda ina sauri. Tun kafin in isa gida na fara jin wata ƙara daga gaba, kar-kar-kar, duk sanda taya ta taka gargada. Da gari ya waye na zauna a ciki da hasken rana, sai na ga abin da aka yi mini. Tagar iska ta tsakiya ta karkace, gefe ɗaya ya shige, ɗayan ya turo waje har ana iya zura ɗan yatsa. Ta ɓangaren fasinja kuwa, ƙananan fukafukan da ake juyawa don nuna wa iska hanya sun daskare suna kallon rufi, kuma zagaye da bakinta ga farin tabo irin wanda sufa gulu ke bari idan ya bushe. A jikin dashbod, dab da tagar, ga sawun sukudireba har wuri huɗu, ɗaya ya yi rami. Da na ɗaga tabarmar ƙafa na tsinci guntayen baƙar roba guda uku, kowanne bai kai farce ba. Suna nan a cikin ambulan.

Na kira a ranar, aka ce manaja ya fita. Na zo da ƙafata sau biyu ko uku, na ma daina ƙirgawa, kullum wani sabon mutum nake tararwa in fara bayani daga farko. Amma abin da ya faru ranar 23 ga Janairu ba zan manta ba, domin a rubuce yake. Da ƙarfe 11:42 na safe na tura hotuna biyar ta WhatsApp. Da 11:58 aka amsa mini da cewa: "Alhaji, mota ce ta kwana biyu, robarta ta riga ta mutu. Ko wa ya taɓa sai ta karye. Ka gode wa Allah tunda esin ya yi sanyi." Na tambaya, to wa ya sa gam, kuma me ya hana a faɗa mini lokacin da na zo ɗauka? Aka karanta, aka yi shiru na minti ashirin, sannan aka rubuto: "In kana so a sayo maka wata, turo 35,000."

Ranka ya daɗe, godiya ga Allah ba sai yaronka ya tuna mini ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a ɓata mini kaya, a shafe ɓarnar da gam, sannan a miƙo mini lissafi.

Tunda an ce ko wa ya taɓa sai ta karye, na ce bari in je in gani da idona. Na tafi Kofar Ruwa wajen wani dattijon rewaya da wani abokina ya haɗa ni da shi. Ya jawo wani tsohon dashbod na irin motata daga cikin kayan da aka kwance, wanda ya fi nawa shan rana nesa ba kusa ba, ya ce in tsaya in kalla. Da farko ya manna salatif na takarda a gefen da zai yi aiki don kada ya karce jiki. Sannan ya ɗauko wasu 'yan faffaɗan sanduna na roba, waɗanda aka yi su musamman domin ɓamɓare kayan cikin mota. Bai taɓa tagar tsakiya ba tukuna. Ya fara cire dogayen robobin nan biyu da ke gefen rediyo, domin su ne suka danne bakinta. Daga nan ya zura sandar a hankali yana lalube, ya ce mini ba dunƙule ake ja ba, haƙori ake nema. Tagar ba ta da noti, wasu 'yan haƙora ne a bayanta suka kama jikin dashbod, kuma dole a danna dab da kowane haƙori, ɗaya bayan ɗaya, har ya ce ƙwas ya saki. Da suka saki duka sai ya jawo ta kai tsaye zuwa ƙirjinsa, bai murɗa ba, bai ɗaga sama ba. Ya tsaya rabin hanya, ya zura hannu ya zare soket ɗin maɓallin hazad (fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa) da ke bayanta, sannan ya fito da ita gaba ɗaya. Ko minti biyar bai yi ba, kuma babu haƙori ɗaya da ya karye.

Ya duba guntayen da ke cikin ambulan ɗina ya ce haƙoran ke nan. An sa ƙarfe a tsakiya, inda babu haƙori, an banƙare da ƙarfi.

Ban ce robar mota ba ta tsufa ba. Ranar Kano tana gasa dashbod shekara da shekaru har roba ta bushe ta yi gautsi, kuma sanyin safiyar hunturu yana ƙara mata taurin kai, shi ya sa mai hankali kan bar motar ta ɗan ɗumama kafin ya taɓa. Amma wannan ai dalili ne na a bi a sannu, ba lasisin banƙarewa ba. Kuma da kun kira ni kun ce Alhaji, robar nan ta bushe, za ta iya karyewa, mu ci gaba ko mu bari, da yanzu ba ni da bakin magana.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne, dattijon ya tambaye ni me ya kai ku ga tagogin tun farko. Filtar esi a wannan mota tana bayan akwatin da ke gaban fasinja, sauke shi ake yi a zaro ta, ko sukudireba ba a buƙata. Gas ta cikin bonet ake ƙara shi. Warin kuma daga can ciki yake tasowa, inda danshi ke taruwa a jikin ƙarfen da ke sanyaya iska, ana iya kai masa maganin wanki ba tare da an taɓa fuskar dashbod ba. To me aka je nema?

Akwai kuma abin da ban ma faɗa muku ba, domin ba ku ɗaga waya. Hazad ɗina bai aiki tun ranar da na karɓi motar. Ban sani ba sai wani dare a hanyar Zariya da taya ta yi faci, na gangara gefen titi da iyalina a ciki, na danna maɓalli, shiru. Tireloli na wucewa suna girgiza mu. Da rewayan ya buɗe sai ga soket ɗin yana reto, ba a mayar da shi ba. Naira 6,000 na ba shi na wannan da sauran dube-dube, kuma ya ci halal ɗinsa. Shi ne ma ya nuna mini cewa tagar fasinja maƙwabciyar jakar iska ce ta kariya, mai wayoyi da soket ruwan ɗorawa, kuma duk mai aiki kusa da ita ya kamata ya fara cire kan batir. Ina so ku gaya mini ko yaronku ya cire.

Ga abin da nake nema. Ku sayo tagogi biyu na asali, sababbi ko na Beljiyam masu lafiya, ku sa su a gabana, da kayan aikin roba, ba gam ba. Ku mayar mini da 6,000 ɗina. Ramin da sukudireba ya yi a dashbod ba ya gyaruwa, don haka ku faɗi abin da za ku yi a kai, a rubuce, da sa hannun manaja, ba saƙon WhatsApp daga wanda ba ya faɗin sunansa ba.

Kuma ku sauke allon nan da kuka kafa a bango mai cewa kamfani ba ya ɗaukar alhakin abin da ya lalace a wurin aiki. A zuwan da na yi ta yi na zauna a bencinku na ga yadda kuke: ana karɓar mota a ofis mai tayil da esi, a caji kuɗin kamfani, sannan a zagaya da ita baya a miƙa wa yara masu koyo, babu babba a kansu, kowa da sukudireba ɗaya a aljihu. Yaran ba su da laifi, abin da aka ba su suke aiki da shi. Saitin sandunan robar nan ko kusa bai kai kuɗin da na biya ku ba. Na ga wata Hajiya tana nuna wa ɗayansu murfin ƙofarta da ya ƙi komawa, yana ce mata da ma haka yake. Kalmar da aka faɗa mini ke nan, har na fara zargin koyar da ita kuke yi.

Na ba ku kwana bakwai daga yau. Idan suka cika ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit, hotuna, saƙonnin 23 ga Janairu da ambulan ɗin nan gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, kuma a wasiƙa ta gaba zan rubuta sunanku da adireshinku. Lambata tana kan rasit, ita ce wadda ta kira ku sau bakwai.

Wassalam,
Mai Corolla ruwan toka, Kano