Anasara ta tafi, goggona tana nan tana awo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku na makon jiya a kan 'yan sa kai na ƙasashen waje da suka zauna a ƙauyukanmu, musamman 'yan Peace Corps na Amurka da suka fara zuwa Nijar a 1962. Shirin ya yi daɗi, har ya tuna mini wata anasara da aka kawo garinmu a ƙasar Adar, tsakanin Keita da Bouza, lokacin ina ɗan lakwal.

Shekara biyu ta yi da mu. Maigari ya ba ta ɗakin ƙasa a bayan gidansa, ta ɗaura zane, ta rufe kanta, ta saba da fura. Hausa kuwa ta iya ta har da karin harshen Adar. Da farko malamai sun yi zaton addini ta zo sauya wa mutane; da liman ya ga ko hira take yi da an kira salla sai ta yi shiru, ya bar matansa su je wurinta. Ta gwada azumi, a rana ta uku ta sha ruwa da la'asar, tsofaffi suka yi ta mata tsiya har salla. Ba likita ba ce, ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Ma'auni take ratayawa a reshen dogon yaro ta auna jarirai, ta nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na zawo.

Kun faɗi gaskiya cewa an kwashe 'yan Peace Corps daga Nijar a watan Janairun 2011, bayan an sace wasu samari biyu 'yan Faransa a Yamai. Amma shirin ya ƙare kamar da tafiyarsu aikin ya mutu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Matar da ke rakiyar anasarar gida gida, tana yi mata bayanin abin da ba a faɗa a gaban surukai, goggona ce. Har yau tana yi. Da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, kowane wata sai ta zaga gari tana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, alhali gonarta na jiran noma. Tana da igiyar awon damtse. In ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta kama yaro sosai, sai a nufi likita. A nan wahalar take. Maigidan yana Abijan ko Libiya wajen bida, uwar ba ta fita sai da izininsa, kakar yaron kuma ta ce haƙori ne kawai. Goggo ce za ta sa kuɗinta a waya ta kira shi, ta lallashi tsohuwa, ta nemo amalanken jaki.

Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. To, ranar da aka je aka tarar babu magani, aka rubuto takarda a saya, wa ake zagi? Ita da ta ce a je. Ɗan abin goron da aka yi wa masu irin aikin goggo alkawari kuwa, sai a yi watanni ba su gan shi ba.

Don Allah ku turo wakilinku Adar da damina, ya bi irinsu kwana ɗaya da ƙafa, ku ba su fili kamar yadda kuka ba baƙin. Tare muka ji shirin da goggo bayan isha'i. Da aka gama, ni ina ta faɗa, ita kuwa cewa ta yi: "Allah sarki, ko ƙawata tana raye?"

Naku mai sauraro,
daga Tahoua.